Wutar da aka ce ta mutu

Duk lokacin da gobara ta yi ɓarna, sai kowa ya kama tambayar dalilin da ya sa 'yan kwana-kwana suka makara. Tambayar tana da muhimmanci, amma kafin a ji jiniya wuta ta riga ta ci rabonta. Shi ya sa nake ganin aikin wayar da kai ya kamata ya koma kan abin da ke faruwa tun kafin hayaƙi ya tashi, musamman wutar da ake kunnawa a waje.

A Amurka, kusan kashi 85 cikin 100 na wutar daji mutane ne sanadinta: ƙona shara, guntun sigari, wutar da aka hura aka tafi aka bari. A watan Yulin 2018 gobarar garin Mati a ƙasar Girka ta kashe mutum fiye da 100, kuma ta faro ne daga wani da ke ƙona busassun itatuwa a rana mai iska. Ta garin Lahaina a jihar Hawaii ta Amurka, ranar 8 ga Agustan 2023, ta fi tsaya mini a rai. Masu bincike sun gano cewa wata wuta ce da ta tashi da safe, wadda aka ɗauka an kashe, ta sake tashi da rana. Ita ma ta ci rayuka sama da 100.

Nan ne faɗakarwarmu take da rauni. Toka kan yi fari fat a sama, alhali garwashi na nan ja a ƙasanta har kwanaki. Idan iska ta taso, tartsatsi na iya tashi fiye da kilomita guda ya sauka kan busasshiyar ciyawa ko rufin wani. Takardar da aka manna a bango ba za ta koya wa mutum wannan ba. Sai ya ga jami'i ya kwara ruwa, ya juya tokar da shebur, ya sake kwarawa, sannan ya kusanto da bayan hannunsa ya ji ko da sauran zafi. Yaro ma in ya gani sau ɗaya, ya riƙe.

Don haka hukumomin kashe gobara su riƙa shiga unguwa-unguwa kafin rani ya kama, su nuna yadda ake share ciyawa da ganye kewaye da gida, su hana ƙona komai a ranar iska. A kowace unguwa kuma a samu mutanen da aka horar, waɗanda maƙwabta suka san ƙofarsu, da bokitin yashi da ruwa a kusa.