Wanda ya hana 'ya'yansa abinci, a hana shi fasfo

Ɗauki misalin direban tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, irin 'yan uwanmu da suka taso daga Kano ko Kumasi ko Maraɗi, suka daɗe har suka zama 'yan ƙasa. Da asuba aka bugo masa waya daga gida cewa jikin mahaifiyarsa ya yi tsanani. Ya jawo fasfonsa na Amurka, ya ga wa'adinsa ya ƙare, ya garzaya sabuntawa. Amsar da ya samu ita ce ba za a ba shi ba, domin ana bin sa kuɗin ciyar da 'ya'yan da ya bari a hannun tsohuwar matarsa.

Dokar da ta tare masa hanya tana cikin garambawul ɗin tallafin marasa ƙarfi da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996. Da farko sai bashin ya haura dala 5,000, amma daga Oktoban 2006 aka sauko da shi zuwa dala 2,500. Hukumar jiha mai karɓar kuɗin yara ce ke miƙa sunan mutum ga gwamnatin tarayya, daga nan ya isa Ma'aikatar Harkokin Waje. Da zarar suna ya shiga jerin waɗanda ake bi bashin, babu sabon fasfo, babu sabunta tsoho, kuma ana iya soke wanda ke hannu. Wanda abin ya rutsa da shi a ƙasar waje, takardar komawa Amurka kawai zai samu. Fasfon ƙasar haihuwa ma ba zai fisshe shi ba, tunda doka ta wajabta wa ɗan Amurka ya fita ya kuma shigo da fasfon Amurka.

Ina tausaya wa wannan direba, amma ina tare da dokar. Kafin wayar asubar nan, akwai wata uwa da ta shafe watanni tana zama a bakin gado da takardar kuɗin haya a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da takalmin yaro da ya ɓule ga sanyi ya shigo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk dalar da uba ya riƙe, daga jikinta take fita, ta hanyar ƙarin aikin dare ko rage cefane. Mutumin da ke da kuɗin jirgi zuwa Umara ko bikin ƙani, bai kamata ya ce ba shi da na madarar ɗansa ba. Kuma wannan ba baƙon hukunci ba ne a gare mu: aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufatarwa a kan wanda aka haifar wa ɗan. Saki yana raba miji da mata, amma ɗa yana nan a wuyan ubansa.

Kotunan Amurka sun riga sun duba ƙorafin cewa an tauye 'yancin tafiya. A 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yi watsi da ƙarar Eudene Eunique, lauya kuma uwa, wadda aka hana fasfo kan bashin da ya haura dala 20,000. Wato ba maza kaɗai ake kamawa ba. Kanada ma tana dakatar da fasfo kan irin wannan bashi, Ostireliya kuma tana hana mutum fita ƙasar.

Inda nake da ja shi ne dokar ba ta bambanta wanda ya ƙi biya da wanda ya kasa. Dala 2,500 ta 2006 ba ita ce ta yau ba, kuma wanda aka yanka wa dala 600 a wata, wata biyar na rashin lafiya sun isa su jefa shi cikin jerin. Ga kuma wata doka ta 1986 da ta hana alƙali rage bashin da ya riga ya taru. Saboda haka ranar da aiki ya kuɓuce wa mutum, ranar ya kamata ya kai maganar kotu a rage masa adadin, domin daga ranar shigar da buƙata ake lissafi.

Abin da ya fi cin mutanenmu shi ne ɗabi'ar hannu da hannu. Uba ya kai buhun shinkafa, ya ɗinka kayan Sallah, ya danƙa wa uwar yara kuɗi a ƙofar gida, zuciyarsa ta kwanta cewa ya sauke nauyi. A jihohi da dama kotu na iya ɗaukar wannan a matsayin kyauta, bashi kuwa yana nan yana hawa. In kotu ta ce a biya ta hannun hukuma, to a bi ta nan, a adana rasit.

Ko direbanmu ya ciwo bashi ya biya kuɗin a yau, cire sunansa daga jerin kan ɗauki mako biyu zuwa uku, ga mahaifiyarsa can tana tambayar ko ya taso.