Afidabit ba ya gyara takardar sallamar soja

Jama'a da yawa a Kano sun dauka in an samu kuskuren suna ko ranar haihuwa a takardar sallamar tsohon soja, da an je kotu an yi afidabit, wato takardar rantsuwa, shikenan magana ta kare. Wallahi ba haka bane. Afidabit shaida ce kawai da za ka hada da takardar neman gyara, ainihin gyaran kuwa sai rundunar da ta bada takardar, don in sojan kasa ne bayanansa suna cikin fayil dinsa a ofishin rekod na sojan kasa dake Lokoja. Kuma don Allah kada a goge ko a gyara da biro, lokacin tantance 'yan fansho in suna ya saba da na NIN ko BVN dattijon ne zai sha wahala.