Kaskon garwashi a ɗaki, mu ji tsoron Allah

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun asubar yau jikina a sanyaye yake, na ce ba zan kwanta ba sai na faɗa muku.

Ana kiran assalatu maƙwabcina ya buga mini ƙofa, murya na rawa: "Malam, ka taimaka, iyalina ba sa motsi." Muka ɓalle ƙofar ɗakin. An toshe taga da kwali saboda jaura, an cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ga kasko a tsakar ɗaki, garwashin ya zama toka sai ɗan ja-ja a ƙasa. Matarsa da yara biyu suna kwance kamar masu barci mai daɗi, ƙaramar ta yi amai a kan filo. Muka jawo su tsakar gida, muka sa su a adaidaita sahu sai asibiti, aka saka musu oksijin. Alhamdulillahi, kafin azahar duk sun farfaɗo. Amma kun san abin da na ji a bakin waɗanda suka taru? Wata ta ce aljanu ne, wani ya ce a binciki tuwon daren jiya. Ba wanda ya ko kalli kaskon.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Daminar bara, don tsoron ɓarayi, a zaure nake tayar da janareta in rufe ƙofa, hayaƙi na sulalawa zuwa inda yarana suke kwance. Astagfirullah.

Ɗan uwa, tuwon da ka ci jiya, ciki ne ya narkar da shi ya zama sukarin da ake kira gulukos, jini ya raba shi ga ƙwayoyin halittar jikinka. A cikin ƙwayoyin nan Allah Ya girke wasu 'yan murhu, mitokondiriya, inda ake ƙona sukarin sannu a hankali, ba harshen wuta ba hayaƙi, a samo kuzarin da masana ke kira ATP. Da shi zuciya ke bugawa, da shi kake ɗago goshi daga sujada. Murhun nan kuwa ba ya ci sai da oksijin. In akwai shi, ƙwayar gulukos ɗaya tana ba da ATP kusan 30, in babu shi 2 kacal. Ƙwaƙwalwa da nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, ita ke shan kusan kashi 20 na oksijin da muke shaƙa, kuma mintuna kaɗan ta rasa shi ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Subhanallah, duk wannan ana yi mana shi muna minshari.

To gawayi da janareta in suna ci a rufaffen wuri, iskar kabon monoksaid suke fitarwa. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana maƙale wa himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, fiye da yadda oksijin ke yi sau 200 da ɗoriya, sai ta tare gurbinsa ta ƙi saki. Mutum yana ta jan numfashi, cikinsa cike da abinci, amma wutar 'yan murhun nan na jikinsa tana mutuwa. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mai barci ko waɗannan ba zai ji ba.

Haba jama'a! Abu Musa ya ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah (SAW) ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta. Mun sha jin wannan a wa'azi, amma sanyi na shigowa sai mu shigar da kasko mu ja bargo. Maigadi a 'yar rumfarsa, mai shago da ya kulle kansa da janareta, ɗakin mai jego da aka zuba wa garwashi ga jariri ɗanye a gefe, almajirai a zaure. In ka yi magana a ce maka in kwana bai ƙare ba babu abin da zai faru. Kai ka zaɓi ka kwana haka, yaron da ka rufe a ɗakin fa, ka tambaye shi? Amana aka ba ka.

In kuka ga mutanen gida duk kai na ciwo lokaci guda, ku buɗe ƙofa ku fito sarari, a tafi asibiti. Manja da madara ba sa cire iskar nan daga jini.

Don Allah, kafin ku kwanta yau ku fitar da kaskon nan waje. Janareta ya tsaya a fili, nesa da taga. Hajiya, Malam, don girman Allah, ku leƙa ɗakin yaran nan.