Albashin Legas babba ne a baki, amma baya kai mutum ƙarshen wata

Duk wanda yaje gida hutun sallah daga Legas yasan kallon da ake masa, wai ɗan Ikko ya dawo da kuɗi. Da sunji ance gwamna Sanwo-Olu ya maida mafi ƙarancin albashi naira 85,000 a 2024, na tarayya kuma 70,000, sai suce ai kuna cikin daula. Wallahi ba haka bane.

Haya ce ke cinye mutum a garin nan. Ɗaki ɗaya ne ko falo babu, amma sai ka biya na shekara guda cif, ga kuɗin ejan ga na agirimen ga wani wai na kaushan, wato ajiya saboda ɓarna, kafin ka karɓi makulli albashin watanni ya tafi. Dole mutum ya gudu can Agege ko Mile 12 ko Ikorodu, wani ma har Mowe cikin jihar Ogun, aikin kuwa yana Lekki ko Victoria Island, to abinda ka rage a haya danfo, wato motar bas ta haya, zai karɓe, tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai koma yadda yake ba, ka fito kafin asuba ka dawo bayan isha, yaranka ma sai ranar lahadi suke ganinka da rana.

Abinda yafi cimin rai shine wannan 85,000 ɗin ma na ma'aikatan gwamnatin jiha ne. Dokar mafi ƙarancin albashi bata hau kan wanda ma'aikatansa basu kai 25 ba. Yanzu dan Allah ƴan uwanmu nawa ne ke aiki a irin wannan babban wuri? Maigadi ne, direban gida ne, ɗan dako ne a kasuwa, yaron shago ne. Abinda oga ya ga dama shi zai bayar. Wasu da acaba suke cike giɓin, aka hana ta a ƙananan hukumomi shida a 2022, harda Ikeja da Surulere da Apapa.

Akwai wani dattijo maigadi a layinmu, a ɗan akurkin bakin get yake kwana shekara da shekaru, iyalinsa na can gida saboda bazai iya kama musu ɗaki ba. Yana tsaron gidan da hayarsa ta shekara ɗaya bazai tara ba ko zai mutu yana aiki.

Masu cewa a koma gida mana basu san me ya koro mutane da yawa daga ƙauyukan Zamfara da Katsina ba. Ni ina ganin majalisar tarayya ta cire wannan sharaɗin na mutum 25 ɗin, gwamnatin Legas kuma ta tilasta karɓar haya wata wata tunda albashi ma wata wata ake biya. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba su ma su shiga maganar, suna da kunnen gwamnati fiye da maigadi.