Masu shirin fara fodkas a Legas, ku rabu da Premiere na sata

Wata al'ada ta kama matasanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar yaro ya ce zai fara fodkas na bidiyo, sai wani da ke ganin kansa gwani ya tura shi Ikeja a saka masa manhajar tace bidiyo ta Adobe Premiere Pro ta sata a laftof ɗinsa mai RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) giga 8, wai sai da shi ake zama ƙwararre. Yaron ya dawo gida da manhajar da ba ta sabuntawa, wadda galibi ke tafe da ƙwayar cutar kwamfuta. Ya shafe mako yana koyon maɓallai, kwamfutar tana tsayawa cak duk bayan 'yan mintuna, kafin ya ankara zafin niyyar ya huce. Shirin farko ma bai fita ba.

Masu ba da wannan shawara sun fara daga wutsiya. Fodkas hira ce ta mutum biyu ko uku a zaune. Aikin tace ta bai wuce yanke inda aka yi tari, daidaita murya, da sauya hoto daga fuskar mai tambaya zuwa ta baƙo ba. Abin da ke kashe shirin mafari a Legas yana faruwa ne tun lokacin ɗauka, kuma babu manhajar tacewa da za ta dawo da muryar da ƙarar janaretan maƙwabci ta haɗiye.

Saboda haka manhajar ɗauka ya kamata a fara tunani a kai, kuma amsar kyauta ce: OBS Studio. Abu biyu ake saitawa a cikinta tun ranar farko. Na ɗaya, a sa ta adana fayil ɗin bidiyo a tsarin MKV maimakon MP4. Dalili kuwa, idan aka ɗauke wuta batirin laftof ya mutu a minti na arba'in, fayil ɗin MP4 na gargajiya da bai rufu ba yakan ƙi buɗuwa gaba ɗaya, amma na MKV yana riƙe abin da aka ɗauka har zuwa dab da lokacin da kwamfutar ta mutu. Bayan an gama, OBS da kanta tana mayar da shi MP4 cikin ɗan lokaci ba tare da rage inganci ba. A garin da wuta ke tafiya ba sallama, wannan kaɗai ya fi duk wani adon Premiere daraja. Na biyu, kowace makirfo a ba ta layin sautinta daban. OBS tana ɗaukar har layi shida. Idan baƙo ya yi magana ƙasa-ƙasa mai gabatarwa kuma yana ɗaga murya, za a ɗaga na ɗaya a bar ɗayan. In aka cakuɗa su a layi guda, to an yi gwari ke nan.

Makirfon ma a sayi irin dainamik, kamar Samson Q2U da ke shiga ta USB, a ajiye ta kamar faɗin tafin hannu daga baki. Irin kondensa da ake tallatawa da kyan hoto tana jawo komai, har hon ɗin danfo da kiran mai sayar da ruwa a bakin titi. A duba ma'aunin sauti ya riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6 dB (awon ƙarfin sauti), kada ya taɓa sifili, domin muryar da ta fashe ba ta gyaruwa. A kuma saita saitin ɗaukar sauti na kowace na'ura a 48 kHz.

Wanda zai ɗauki hoton da waya akwai tarkon da ba a gaya masa. Wayoyi da yawa suna sauya yawan hotunan da suke ɗauka a daƙiƙa ɗaya gwargwadon haske da zafin wayar, sai a tarar farkon shirin baki da murya sun dace, amma can wajen ƙarshe leɓe na gaba murya na baya. Maganin shi ne a bi da fayil ɗin ta manhajar sauya bidiyo ta HandBrake, ita ma kyauta, a tsayar da shi a hoto 30 a daƙiƙa kafin a fara tacewa. Kuma a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin sallama. Wannan ƙarar ce za a gani a tsaye a layin sauti, a jera hoto da murya a kanta.

Sai tacewa. Mai laftof da ke da RAM giga 16 da katin hoto mai ƙarfi ya sauke DaVinci Resolve na kyauta daga kamfanin Blackmagic Design, halal ɗinsa, ba tambarin kamfani a jikin bidiyon. Mai ƙaramar kwamfuta kada ya wahalar da kansa, Shotcut ko Kdenlive sun ishe shi. Sauti kuwa Audacity: a bar daƙiƙa biyar na shiru a farkon ɗauka, a nuna mata wannan shirun ta gane amon ɗakin, sannan ta rage shi. Da sauƙi-sauƙi dai, in aka matsa mata sai muryar ta koma kamar daga cikin rijiya.

Za a ce ai Premiere manyan gidajen talabijin ke amfani da shi. Su biyan kuɗinsa suke yi duk wata, kuma suna da ma'aikacin da aikinsa ke nan. Su kuma manhajojin da ke rubuta maganar mutum ya tace ta kamar takarda, a fara gwada su da hirar ɗan Agege da ke haɗa Hausa, Yarbanci da burokan a jimla ɗaya kafin a ba su dala.

Haka nan zancen 4K, wato hoton bidiyo mai tsananin kaifi, da ake cusa wa yara. Bidiyon 1080p, wanda bai kai 4K kaifi ba, a megabit 8 a daƙiƙa, wanda YouTube ke ba da shawara, yana cin kusan giga 3.6 a sa'a guda. Na 4K ya ninka haka fiye da sau huɗu, alhali masu kallon a waya suke, da datar da suke lissafawa. Wa aka burge?

Ƙungiyoyin matasa da ke shirya bita a unguwanninmu su daina kawo masu koyar da rikitattun dabarun launi. Su ajiye laftof guda da makirfo biyu, kowane ɗalibi ya ɗauki hirar minti goma da OBS, a kashe kwamfutar ba zato da gangan a tsakiya, a ga wanda fayil ɗinsa ya tsira.