Ƙwallo 23 a ragar Al-Hilal: lissafin da ke rufe ido

Duk sanda musun ƙwallo ya kaure a wurin mai shayin da muke haɗuwa a Sharar Mansur, nan Makka, lamba ɗaya magoya bayan Al-Hilal ke jefo mana: 23. Ƙwallo 23 kacal aka zura musu a wasa 34 na gasar lig ta Saudiyya a kakar 2023/24, ba wanda ya doke su, suka tashi da maki 96. Mu da zuciyarmu ke wajen Ittihad sai mu sunkuyar da kai mu kurɓi shayi. Akwai wani dattijo a cikinmu, Baba, da kan ce wannan baya ko ruwa ba ya ratsa ta. Baba ya yi mini afuwa, ni ban yarda ba.

Ba cewa nake 'yan bayan ba su iya ba. Koulibaly da aka ɗauko daga Chelsea ya san aikinsa, Saud Abdulhamid kuwa ba ya gajiya a gefen dama. Amma abin da ya tsare ragar nan shi ne ƙwallon ba ta cika isa can ba. Kociyansu Jorge Jesus ya ɗora ƙungiyar a kan Ruben Neves da Milinkovic-Savic, su riƙe ƙwallo a tsakiya, su hana kowa sakat. Ƙungiyar da ta ci ƙwallo 101, abokin karawarta yana can cikin gidansa yana ta kansa, da me zai kawo hari? In kuma an yi sa'a an ɓalle, ga Yassine Bounou a raga. Rabin yabon da ake yi wa 'yan baya, a gaskiya nasa ne.

Mai son sanin ƙarfin bayan Hilal ya koma Afrilun 2024, ranar da suka je gidan Al-Ain a wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Zakarun Asiya. Sun je da tarihin cin wasa 34 a jere. Soufiane Rahimi na Al-Ain, mutum ɗaya mai gudu, shi ya kwance musu zani a kasuwa: ƙwallo uku kafin hutun rabin lokaci. Aka tashi 4-2, uku daga cikin huɗun nan duk fenariti. Wanda ya taɓa buga baya ko a filin unguwa ya san inda fenariti ke fitowa. Sai an wuce ka, ka ga ba ka kamowa, sannan kake miƙa ƙafa. Layin bayan Jesus yakan tsaya ne can kusa da tsakiyar fili, da zarar an cilla ƙwallo ta bayansa sai tsere, su kuwa ba 'yan tsere ba ne. Cin 2-1 da suka yi a Riyadh bai fisshe su ba.

Sai wasan ƙarshe na Kofin Sarki da Al-Nassr ta su Ronaldo a Jidda, 31 ga Mayu. Kowa kukan Ronaldo yake tunawa. Ni abin da na riƙe daban ne. Hilal na gaba da ƙwallon Mitrovic, Al-Nassr saura mutum goma tun da aka kori mai tsaron ragarsu Ospina, 'yan mintoci suka rage. Nan Ali Al-Bulaihi ya kasa danne zuciyarsa ya karɓi jan kati, nan take aka farke, Koulibaly ma ya bi shi waje. Manyan 'yan baya biyu, a wasan kofi! Da Bounou bai tare fenariti biyu a bugun raba gardama ba, da wani labarin ake yi.

Kakar da ta biyo baya ta tona sauran. Saud ya tafi Roma, aka kawo Cancelo, wanda hankalinsa ya fi karkata ga kai hari. A Nuwamba Al-Khaleej ta farke biyu ta ƙara ɗaya. A Fabrairun 2025 Ittihad ta zuba musu huɗu a Jidda, ta kuma ɗauke kofin lig, Jesus ya tattara kayansa a watan Mayu. Daren 4-1 ɗin nan ni na biya wa Baba kuɗin shayi. Ya sha, amma bai ce da ni uffan ba.