Sa'o'in da ke tsakanin rufe akwati da sanar da sakamako

Wanda ya zauna a Jos a ƙarshen Nuwamban 2008 ba ya buƙatar a yi masa lacca kan abin da jita-jitar zaɓe ke haifarwa. Ranar Alhamis 27 ga wata aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Tun kafin a faɗi wanda ya ci Jos ta Arewa, magana ta riga ta zagaye unguwanni cewa an murɗe. Gari na wayewa Juma'a hayaƙi ya tashi, cikin kwana biyu aka rasa ɗaruruwan rayuka. A lokacin babu WhatsApp, Facebook kuwa sai 'yan tsirarun da ke zuwa shagon intanet. Baki da saƙon tes kaɗai suka yi wannan aika-aika.

Na tuno da wannan ne saboda yadda ake ta muhawara kan ko kafofin intanet alheri ne ga dimokuraɗiyya ko sharri. A ganina an yi wa tambayar faɗi da yawa. Inda waya ta fi tasiri a zaɓenmu wuri ne ƙanƙani: 'yan sa'o'in nan, wani lokaci kwanaki, da ke tsakanin rufe akwati da sanar da sakamako. A wannan tsakanin kowa na da ƙishirwar labari, hukuma kuma ta yi shiru. Duk abin da ya fara shiga wayar mutum shi zai riƙa, gaskiya ne ko ƙarya.

Waya ta kawo abin da ba mu da shi a 2008, wato shaida. Yau idan aka gama ƙirga a rumfa, a Gangare ne ko a Tudun Wada, jami'in zaɓe zai cike takardar sakamako ta EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, matasa goma su ɗaga waya su ɗauki hotonta. Wanda ke son ya mayar da 43 ta koma 243 a kan hanyar zuwa wurin tattara sakamako ya san akwai hoton asali a aljihun mutane. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, kuma shi ne dalilin da ya sa jama'a suka yi murna da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da shafin IReV, inda INEC ta yi alƙawarin ɗora hoton takardar kowace rumfa, rumfuna sama da 176,000, domin kowa ya gani da idonsa.

Sai ga ranar 25 ga Fabrairun 2023. Sakamakon 'yan majalisar tarayya ya riƙa hawa shafin, na shugaban ƙasa ya maƙale. INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Ko mene ne dalilin, hukumar ta bar fili a daidai lokacin da aka fi buƙatarta, fili kuwa ba ya zama babu kowa. Daren nan wayoyi suka cika da sakamako kala-kala, kowace jam'iyya da nata teburin alƙaluma, kowane da tambarin da ya yi kama da na gaske. A watan Oktoban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa rashin ɗora sakamako a IReV bai isa ya soke zaɓe ba. Ta fuskar doka magana ta ƙare. A teburin mai shayi kuwa har gobe ba ta ƙare ba, don mutum ba ya manta alƙawarin da aka yi masa aka saɓa.

Su wa ke cike filin? Mu 'yan Arewa mun daɗe da sanin sojojin baka, masu sayen fili a rediyo su yabi maigida su zagi abokin hamayyarsa. Amma sojan baka na rediyo an san sunansa, an san gidansa, akwai manajan tasha da hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin a kansa. Ƙanensa na yau, wanda ake ba kuɗin data ya buɗe shafi biyar da sunaye biyar, ba wanda ke kansa. Gab da zaɓen 2023 binciken BBC ya nuna yadda jam'iyyu ke biyan masu dubban mabiya a ɓoye don su yaɗa ƙarya kan abokan takara. Ban ma fi jin tsoron masu rubutu a X (tsohon Twitter) ko Facebook ba, domin a can akwai mai iya fitowa ya ce ƙarya ne. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne saƙon murya na WhatsApp. Murya ce ta Hausa tsantsa, ta fara da sallama da salati, ta ce "wallahi yanzu na baro wurin", ba suna, ba rana, ba unguwa. Tana shiga zauren 'yan uwa, inna ta tura wa yaya, yaya ta tura zauren makarantar Islamiyya. Masu tantance labarai irin su Dubawa na iya ƙoƙarinsu, amma ba su da ƙofar shiga waɗannan zauruka, kuma kafin gyara ya iso, ƙarya ta yi sallar Isha'i a gidaje dubu. Filato ta ɗanɗana irin wannan a Yunin 2018, lokacin da aka yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook, wasu ma ba a Najeriya aka ɗauke su ba, aka tare matafiya a hanya.

Akwai masu cewa maganin shi ne a toshe. An gwada: daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta rufe Twitter, masu wayo suka bi ta bayan gida suka ci gaba da harkarsu. Toshewa a ranar zaɓe kuma tana kashe mai hoton takardar EC8A ne, ta bar mai raɗa a kunne, wanda dama shi ya ƙona mu a 2008.

Kada kuma hayaniyar waya ta ruɗe mu. Duk da zafin da intanet ta ɗauka a 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba, kusan kashi 27 cikin ɗari. Da yawa daga masu zafin rubutu ko katinsu ba su karɓo ba. Amma ba zan ce waya ba ta motsa komai ba: Peter Obi, da jam'iyyar da a lokacin ba ta da gwamna ko ɗaya, ya ci Filato da Abuja, kuma matasan da suka haɗu ta waya suna cikin waɗanda suka tsaya a rumfa har aka gama ƙirga.

Shugaban INEC na yanzu, Farfesa Joash Amupitan, daga Jami'ar Jos aka ɗauko shi, don haka ba baƙo ba ne ga abin da shirun hukuma ke jawowa a garin nan. Abin da nake nema a wurinsa a 2027 guda ɗaya ne: takardar rumfata ta hau IReV tun ina tsaye a wurin, in duba ta a wayata in ga ta yi daidai da wadda aka manna a bango. Idan na'ura ta sake tangarɗa, a fito a faɗa cikin sa'a guda, da Hausa da Berom da sauran harsunan da mutane ke ji, a rediyo da WhatsApp ɗin kansa, a ce ga abin da ya lalace, ga lokacin da za a gyara.